Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama Kan Filin Jirgin Malam Aminu Kano

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da aiki, tare da shugabannin hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama da sauran ma'aikatan da ke ƙarƙashin ma'aikatarka. Ni ɗan kasuwar fata ne, haifaffen Fagge a birnin Kano, ban taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Abin da ya ba ni bakin magana a kan filin jirgin saman Malam Aminu Kano shi ne da abincinsa aka raine ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tasi ya ja a ƙofar filin nan sama da shekara 30. Da kuɗin ɗaukar fasinja zuwa Sabon Gari da Bompai da cikin birni ya aurar da yayyena mata, ya sa mu a makaranta, ya gina ɗakunan da muka tashi a ciki. Muna yara mun san ranar da jirgin Turai ke sauka ba sai an gaya mana ba, domin ranar ce Baba ke shigowa da tsire a takarda bayan sallar isha'i.

Yau ni ma da filin nake hulɗa, sai dai ta ƙofar kaya, kuma abin da nake gani a wannan ƙofa ne ya sa na rubuto maka. Jirgi na sauka Kano cikinsa maƙil da kayan wasu ƙasashe, wayoyi da shadda da leshi da magani da kayan gyaran inji. In ya tashi komawa, abin da ya ɗauka na ƙasar nan bai taka kara ya karya ba. A daidai wannan lokacin kuwa, fatar da aka jeme a Challawa, wadda tsakaninta da titin jirgin bai wuce tafiyar awa ɗaya ba, tana bayan babbar mota an nufi Legas da ita, tafiyar kusan kilomita 1,000, don a saka ta a wani jirgin da zai sake biyowa ta sararin Arewa kafin ya wuce Turai.

Ka yi mini haƙuri in ɗan waiwaya baya, domin wanda bai san inda aka fito ba ba zai gane zafin da muke ji ba. Kano kasuwa ce tun kafin a ƙera jirgi. Unguwarmu Fagge zango ce tun zamanin ayarin raƙuma, nan fataken da suka ƙetaro Sahara ta Agadas ke sauke kaya kafin su shiga Kurmi. Jar fatar akuyar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, mai yawa daga cikinta a ƙasar Hausa aka jeme ta, ta Arewacin Afirka kawai ta bi ta isa gare su. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a 1912 sai hanya ta juya Kudu, gyaɗa ta zama dala. A 1925 jiragen sojan Ingila 3 suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a 1936 kuma jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zuwa ta Khartum. Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, cikin ƙasar Gana ta yau, ta Kano da Maiduguri suke bi su nufi Sudan da Masar. Bayan yaƙi, jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da Kongo da Afirka ta Kudu nan suke yada zango su sha mai. Har yau ɗin nan, a taswirar da matuƙa jirage na duniya ke aiki da ita, sunan Kano ne a kan sararin samaniyar Najeriya. Kowace irin hanya zamani ya kawo, ta raƙumi ko ta dogo ko ta sama, a Kano take samun mahaɗa, saboda inda Allah ya ajiye garin.

Ba zan ɗora wa gwamnati laifin duk abin da ya biyo baya ba. Da aka ƙera jiragen da ke iya tashi daga Turai har Johannasbag ba tare da tsayawa shan mai ba, wancan cinikin ya tafi, kuma ba mai iya dawo da shi. Da fadar gwamnati ta koma Abuja a 1991, ofisoshin jakadanci da manyan baƙi suka bi ta, kamfanonin jirage suka bi baƙin. Masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje masu araha. Tashe-tashen hankula suka ƙara tsorata baƙi. A 2012 kamfanin KLM, wanda ya shafe sama da shekara 60 yana zuwa Kano, ya daina. Na tuna yadda tsofaffin direbobi abokan mahaifina suka zauna a ƙarƙashin bishiya suna maganar kamar an yi musu rasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce tun yana saurayi yake ɗaukar ma'aikatan jirgin nan zuwa masauki, yanzu kuma ya tsufa bai san wa zai ɗauka ba.

Duk da haka filin bai mutu ba, kuma ina so ka ga yawan bakin da ke ci a cikinsa, domin lissafin da ake kai maka ofis na kuɗin saukar jirgi ne da harajin fasinja, alhali wannan ƙaramin kaso ne. Ka tsaya a harabar filin a daren da jirgin Umara zai tashi cikin azumi. Mutum ɗaya ne zai yi tafiya, amma mota uku ce ta rako shi daga Haɗeja ko Funtuwa, kowacce ta sha mai, kowa a cikinta zai yi buɗa-baki da sahur a garin. Ga mai shayi ya kafa teburinsa, ga yaran da ke naɗe jakunkuna da leda, ga 'yan dako, ga mai harami da silifa, ga masu adaidaita sahu sun yi layi a bakin titi. A cikin jakar hajiyar da ke gabanka akwai kilishi da yaji da kuka da daddawa da za ta kai wa 'yan'uwa a Makka, duk an saye su a kasuwannin Kano a makon. Riyal ɗin da ke aljihun mijinta daga Wapa ya canzo. Sunan Wapa ma kansa daga harkar aka samo shi, taƙaitaccen sunan kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma ne da attajiran Kano suka kafa tun kafin 'yancin kai. Kafin jirgi, alhaji da ƙafa ko a kan dabba yake bi ta Borno da Chadi, wani ya shekara da shekaru a hanya, wani ya zauna a can, ga zuriyarsu nan a Sudan har gobe. Jirgi ya mai da tafiyar ta awoyi, ya kuma haifar da sana'o'in da unguwanni guda ke rayuwa a kansu. A 2023 kujeru 95,000 Saudiyya ta ba Najeriya, kuma kowa ya san daga wane ɓangare na ƙasar nan mafi yawan maniyyata ke fitowa.

Daga wannan ƙasa ne kuma kamfanonin jirage na 'yan gida suka tsiro. Kabo Air da marigayi Alhaji Muhammadu Ɗankabo ya kafa, da IRS, da Max Air, da Azman, da Rano Air, duk Kano ta kasance cibiyarsu ko babbar tasharsu. Yara nawa 'yan Arewa suka zama matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan cikin jirgi ta wannan hanya? Sannan ga 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Farm Centre da Ƙofar Wambai da ke bin jiragen Habasha da Masar da Saudiyya da Ƙatar zuwa Dubai da Guwanzu da Alƙahira. Kayan da suke kawowa ba a Kano suke tsayawa ba. Mutumin Maraɗi da na Damagaram da na Injamena da na Garwa duk a Kwari suke sari, wasunsu ma ta Kano suke hawa jirgi domin ta fi babban birnin ƙasarsu kusa da su. Ɗalibin da ke karatu a Masar, da mara lafiyar da za a kai Indiya, da ɗan Lebanon ɗin da kakansa ya kafa shago a titin Beirut, duk ƙofarsu ke nan.

Mun ga abin da rufe wannan ƙofa ke jawowa. A watan Maris na 2020 aka dakatar da jiragen ƙasashen waje saboda annobar korona, ba wanda ya ce uffan, domin lalura ce ta kowa. Amma a watan Satumba aka buɗe Legas da Abuja, Kano kuwa sai Afrilun 2021. Wata 7 cur ɗan kasuwar Kano, in zai fita, sai ya sayi tikitin cikin gida a kan na waje, ko ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar. Kaya suka riƙa sauka a Kudu ana biyan kuɗin mota a kai, farashi ya hau, masu masauki suka sallami ma'aikata, 'yan tasi suka koma jiran gawon shanu. Ban kawo wannan don tone-tone ba. Na kawo shi ne domin ya nuna yadda sa hannu ɗaya a ofishinka ke iya buɗe ko rufe abincin dubban gidaje tun daga Sakkwato har Maiduguri.

Mun gode da sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje, ɗaya daga cikin guda 4 da aka yi da rancen dala miliyan 500 daga China, tare da na Legas da Abuja da Fatakwal. Ginin ya yi kyau, wanda ya san tsohon ya san an samu ci gaba. Sai dai rance ne, kuma da dala za a biya shi. Fasinjan da ya fita sayayya ko neman magani dala yake fitarwa daga ƙasar nan. Abin da ke shigo da ita shi ne kayan da muka sayar a waje, kuma nan ne aka bar mu a baya.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Shekarun baya wani mai yin takalma a Italiya ya ga samfurin fatata ya yaba, ya ba ni odar gwaji, da sharaɗin kaya su isa kafin ranar da ya sa, domin shi ma yana da masu jiransa. Na zaɓi fatun da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowacce a hasken rana ina duba ko akwai tabon ƙaya ko yankan wuƙa. Aka jeme, aka rina, aka goge har tana ɗaukar ido. Jirgin da zai ɗauke su a lokacin da nake buƙata a Legas yake, don haka muka loda a mota cikin damina. Motar ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba. Kwana 6 tana gefen titi ana neman kayan gyara, ruwa na zuba, tamfol ɗin ya yage ta gefe ɗaya. Da aka buɗe a Legas, ɗaurin da ke sama duk ya yi fumfuna, warin ya isa ya gaya maka an yi asara kafin ka duba. Na aika abin da ya tsira a makare. Baturen ya biya kuɗin abin da ya karɓa, ya yi mini magana mai daɗi, bai sake neman na kawo masa ba. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yara 12 da na yi wa alkawarin aiki na dindindin in cinikin ya ɗore. Na kira su na ba su haƙuri ina kallon ƙasa. Kuma ni ɗaya ne cikin masu irin wannan labari, ka tambayi duk wanda ke harkar fata ko kayan gwari.

Ranka ya daɗe, ban ce komai za a ɗora wa jirgin sama ba. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da ke fita daga Dawanau kaya ne masu nauyi da ke jure ajiya, hanyarsu ta ruwa ce, kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 domin su aka yi ta. Jirgin sama na abin da ba ya jira ne, ko abin da tsadarsa ta fi nauyinsa: nama, ɗanyen barkono da attaruhu da kuɓewa da koren wake, mangwaro, zuma, kilishi, gamammiyar fata, takalma da jakunkuna, ɗinkakkun kaya da hulunan da 'yan Afirka mazauna Turai da ƙasashen Larabawa ke nema. Duk muna da su, kuma muna da su a lokacin da ya fi dacewa. Lokacin da sanyi ya rufe gonakin Turai, daga Disamba zuwa Maris, lokacin ne noman rani ke kan ganiyarsa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, albarkacin ruwan Tiga. Duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan a kakar tumatir ya ga manomi zaune kan kwandonsa rana na dukansa, farashi na faɗuwa tun daga hantsi, har la'asar ta yi ya sayar a kan abin da bai biya kuɗin kwandon da na mota ba, ko ya zubar wa dabbobi.

Dubi Habasha. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, amma ta mai da filin jirgin Bole na Addis Ababa tekunta. Furanninta na tashi zuwa Turai, naman akuya da na tumaki da ake yankawa a mayankan garin Mojo na tashi a sanyaye zuwa Dubai da Saudiyya. Kenya ma furen da aka yanka a Naibasha yau, gobe yana kasuwar Holan. Mu kuwa da ke da kasuwannin dabbobi irin su Wudil da Maigatari da Ɗambatta da Mai'aduwa, kuma tsakaninmu da Jidda bai wuce tafiyar awa 5 a sama ba, har yanzu a tsaye muke loda shanu a tirela su kwana biyu ko uku a hanya suna ramewa, wasu su mutu kafin a isa Kudu. Jirgin da ke kawo mana fasinja daga Addis Ababa shaida ne a gabanmu kullum cewa abin mai yiwuwa ne. Ba su fi mu dabbobi masu kyau ba, jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi duniya ta san da ita. Abin da suka fi mu shi ne sun haɗa gona da mayanka da ɗakin sanyi da takardar shaida da jirgi a igiya ɗaya.

Wannan igiyar nake roƙon ka ɗaura mana, aƙalla ɓangaren da ke hannunka. Muna buƙatar sashen fitar da kaya na gaske a filin Kano, mai ɗakunan sanyi da wutar da ba ta yankewa, mai na'urar binciken kaya babba da za ta ɗauki ɗauri guda ba sai an kwance an baje a ƙasa ba, mai sikeli da motocin ɗaga kaya. Naman da ya yi awa 2 a rana a bakin sito ya tashi daga aiki, ko da takardunsa sun cika. Sannan hukumomin da ke duba kaya, kwastam da masu kula da lafiyar tsirrai da dabbobi da masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi da NAFDAC, a tara su a zaure ɗaya su duba tare, a manna jerin kuɗin da doka ta sa a bango kowa ya gani, a biya ta banki a wuri ɗaya. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya tsoron biyan haƙƙin gwamnati. Abin da ke kashe shi shi ne rashin sanin nawa zai biya da kwana nawa zai jira, domin ba zai iya yi wa mai saye alkawarin farashi ko rana ba.

Akwai kuma maganar ɗakin gwaji, wadda na san ba ta ma'aikatarka kaɗai ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Laifinmu ne mu 'yan kasuwa da masu ajiya, ba zan ɓoye ba, kuma mun ga yadda ganganci na wasu 'yan tsiraru ya rufe wa kowa kasuwa shekara da shekaru. Maganin abin shi ne a gwada kaya a nan Kano kafin su hau jirgi, a ɗakin gwajin da ƙasashen da za a kai wa suka amince da shi. Kai ne za ka iya kiran takwarorinka na noma da na ciniki da gwamnatin jihar Kano ku zauna a kan wannan, domin in kowa ya tsaya a ofishinsa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, haka za mu ƙara wasu shekarun. Yankin ciniki maras haraji na Fanisau ga shi nan maƙwabcin filin, katanga kusan ta haɗa su. Wurin tacewa da shiryawa da ɗaure kaya ya samu ke nan, in an yi masa hanya kai tsaye zuwa sashen kaya.

Na san ƙorafin kamfanonin jiragenmu na gida, cewa in aka bar jiragen waje suna sauka a garuruwa da yawa, su za su rasa fasinjan da suke ɗauka zuwa Legas da Abuja. Magana ce mai tushe, kuma ina son kamfanoninmu su yi ƙarfi, yawancinsu ma na mutanenmu ne. Amma a duba wanda ke biyan kuɗin wannan kariya. Tsohuwar da za a kai asibiti Alƙahira ce ake sa wa ta tashi Kudu tukuna, ta kwana a masauki, sannan ta sake biyowa ta saman gidanta. Idan ana tattauna yarjejeniyar sufurin jirage da wata ƙasa, ina roƙon a riƙa sa Kano a teburin tun farko, kuma kamfanin da ya nemi ƙarin sauka a Legas a nuna masa Kano. Jiragen dakon kaya zalla kuma a sauƙaƙa musu kuɗin sauka da na ajiya na wasu shekaru har hanyar ta kafu. In Kano ta cika da jirage, kamfanonin gida ne za su riƙa kawo mata fasinja da kaya daga Sakkwato da Yola da Maiduguri da Yamai, cinikinsu ƙaruwa zai yi.

A nan ina da magana da gwamnoninmu na Arewa, ko da yake wasiƙar taka ce. Jihohi da dama sun gina filayen jirginsu, Dutse da Bauchi da Birnin Kebbi da Gombe da sauransu, kuma alhazansu na tashi daga gida, abin farin ciki ne. Amma jirgin kaya ba ya zuwa don kwando 50. Sai an tara masa abin da zai cika cikinsa, mako bayan mako, ba fashi. Idan kowace jiha ta ce sai daga filinta kayanta za su tashi, ba wadda za ta cika jirgi, duka za a rasa. Dawanau ta zama Dawanau ne domin hatsin jihohi da ƙasashe da yawa na haɗuwa a wuri ɗaya. Haka kayan jirgi ke so. Ga kuma layin dogo da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da na Kaduna zuwa Kano. Ranar da suka kammala, kayan Nijar da na rabin Arewa za su iya kwana a Kano cikin yini ɗaya, kuma bai kamata ranar ta zo ta tarar filin jirgi bai shirya ba.

Kada a manta da hazo. Kakar kayan lambunmu da lokacin hunturu tare suke zuwa, lokacin da ƙura ke rufe gari har jirage su kasa sauka, a karkatar da su ko a soke tashi. Tsofaffinmu ba su manta da watan Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Na'urorin da ke taimaka wa matuƙi sauka cikin hazo, da fitilun titin jirgi, a tabbatar suna aiki kuma ana gwada su kafin hunturu ya shigo. Fasinja zai iya haƙuri ya kwana ya tashi gobe, ɗanyen nama da barkono ba za su iya ba, kuma kamfanin da aka karkatar da jirginsa sau biyu da kaya masu lalacewa ba zai dawo na uku ba.

Mun ji a 2023 an yi maganar ba wani kamfanin waje jinginar filayen Abuja da Kano. Ni ba ni da ƙiyayya da ɗan kasuwa ya gudanar da fili, in zai yi shi da kyau. Roƙona shi ne duk yarjejeniyar da za a ƙulla, yanzu ko nan gaba, a bayyana ta ga jama'a, a tuntuɓi ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da shugabannin kasuwanni da ma'aikatan filin, kuma a rubuta gina sashen fitar da kaya a cikin sharuɗɗan, da ranar gamawa. Wanda ya karɓi fili don ya tara kuɗin ajiye mota da hayar shaguna kawai, bai ƙara mana komai ba.

Sau da yawa muna jin jami'ai na cewa filayen jirgi kaɗan ne a ƙasar nan ke iya riƙe kansu, sauran Legas ce ke ɗauke da su. To ga fili nan da zai iya sauke wa Legas nauyi. Yana da titi mai tsawon sama da kilomita 3 da manyan jiragen alhazai ke tashi a kai shekara da shekaru, yana da sarari, ya fi Legas kusa da Turai da ƙasashen Larabawa, kuma bayansa akwai manoma da makiyaya da majema da dukawa da maɗinka miliyoyi. Kowace tirelar da ba ta je Legas ba ta rage wa Apapa da Ikeja cunkoso, ta rage wa titin gwamnati lalacewa. Kowace dalar da naman Wudil ko takalmin Ƙofar Wambai ya shigo da ita, a asusun Najeriya za ta shiga, ta taimaki naira a hannun mutumin Aba kamar yadda za ta taimake ta a hannun mutumin Gwarzo. Saurayin da ya samu aikin ɗaure kaya a Fanisau kuma, an rage mutum ɗaya cikin masu zaman kashe wando da ake ruɗa da kuɗi kaɗan.

Ina gayyatarka Kano a watan Fabrairu, ba ziyarar yanka kirtani ba. Ka kwana a garin, mu yi asubanci zuwa Kwanar Gafan ka ga kwanduna kafin rana ta taɓa su, ka ji ta bakin manoman da kanka. Daga nan mu biya Challawa ka riƙe fatar a hannunka, mu tsaya inda ake loda ta a mota ka tambayi direban kwana nawa zai yi kafin ya isa Legas. Da yamma mu ƙarasa filin jirgi ta ƙofar kaya, ka sa a kawo maka takardun awon abin da ya sauka da abin da ya tashi a watan, ka ajiye su gefe da gefe ka duba.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka,
Wani ɗan kasuwar fata,
Fagge, Kano.